Farin Ƙyallen da Na Ɗage wa Malam Sa'idu

Kafin rana ta gama fitowa a Tumfure, Malam Sa'idu yana bakin titi yana jiran Keke, da gwangwanin alewa a hammata. Gwangwanin ya daɗe da manta ɗanɗanon alewa. Allurai ne a ciki, sirara kamar gashin gira, sai ɗan almakashi, da reza, da wani farin ƙyalle a ninke. Baya yake zama, can gefe, ya rungume gwangwanin saboda ramukan hanya. Ya wuce gonakin masara da sababbin gidajen da ke cinye su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga gari, ya sauka a Madaki, inda barandar shagon wankin Madam Ndidi ta fuskanci gabas. Ƙarfe takwas na safe yana kan bencinsa. Ba ya aiki da hasken lantarki, ko da an yi sa'a an kawo wuta, wai ƙwan fitila yana yi wa launin zare ƙarya. Idan inuwa ta matso sai ya ja benci ya bi rana. Ana kiran azahar zai rufe gwangwani. Haka yake yi shekara talatin da ɗaya.

Ƙarshen watan nan zai ɗauke bencin, ba zai dawo ba. Ba tsufa ne ya kore shi ba, ko da yake ya ba sittin baya. Ba ido ba ne, don har yau yana zura zare a kafar allura yana kallon fuskarka yana amsa gaisuwa. Mutane ne suka daina amince masa da kayansu. Wanda ya jawo masa hakan kuwa shi ne mai wannan rubutu, Rufa'i, ma'aikacin gwamnati, shekara hamsin da biyu, da tumbi daidai gwargwado. Zan zo kan nawa. Bari a fara da wanda ya cancanta.

Wanda bai san shi ba zai ce tela ne, ko mai faci. Kada ka faɗi haka a gabansa. "Faci rufe rami ne," in ji shi, "ni saƙar nake mayarwa." Mahaifinsa masaƙi ne daga ƙasar Kano, auduga ta kawo shi Gombe, ya rasu ya bar wa ɗansa ido mai rarrabe zaren tsaye da na kwance. Idan tartsatsin gawayin dutsen guga ya huda shadda, ko garwashin turaren wuta ya ɗiga a leshi, ko salansar babur ta lashi riga, sai Malam Sa'idu ya juya tufar, ya warware kalmasa ta ciki inda ba mai dubawa, ya zaro zaren yadin kansa sili-sili, ya zo bakin ramin ya fara: sama, ƙasa, sama, ƙasa, yana bin zanen yadin har furen da ya ƙone ya sake tsirowa. Ramin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba yana cin safiya uku. In ya gama, mai riga zai juya ta, ya ɗaga ta a rana, ya ce, "Malam, wai a ina ne ma?" Wannan tambayar ita ce kaɗai lambar yabon da yake samu.

Amma rabin sana'ar ke nan. Ɗaya rabin ba a allura yake ba. Kaya suna zuwar masa a baƙar leda, a ɗaure. Ba ya tambayar na wane ne. In ya gane, ba ya nunawa. Ba ya rataye samfuri, ba ya shanya aikinsa a igiya. Mutum ya nufo barandar, kafin ya gama sallama farin ƙyallen nan ya sauka a kan abin da ke cinyarsa. In ya haɗu da mai kaya a masallaci ko wurin ɗaurin aure, sanye da rigar da ta yi kwana uku a hannunsa, zai gaishe shi da girmamawa, idonsa ba zai sauka ƙasa da haɓa ba.

Shi ya sa ba ku taɓa jin an yabe shi ba. Wa zai yabe shi? Duk wanda ya ce Malam Sa'idu gwani ne, ya shaida wa duniya cewa rigarsa ta taɓa hujewa, kuma bai canja wata ba. A garin nan mutum zai yarda a san yana da ciwon suga da hawan jini, ba zai yarda a san babbar rigarsa guda ɗaya ce ba. Na yi yawon neman shaidu sati biyu. Wasu da na san kayansu sun sha zuwa Madaki suka ce, "Sa'idu? Wane Sa'idu?" Mutum biyu kacal suka yarda a sa sunansu.

Na farko Hillary ne, mai guga a shagon, mutumin Kaltungo. Watansa na farko a aiki, da mata da 'ya'ya biyu a ɗakin haya, tartsatsi ya faɗa masa a kan farar shaddar wani kwastoma, daidai kafaɗa. Ya ce har ya ɗaure jakarsa, don ya san Madam ba za ta saurare shi ba.

"Sai Baba ya kira ni," in ji Hillary. "Ya ce, 'Ɗan'uwa, ajiye jakar nan, kawo rigar.' Na ce Baba, in Madam ta ji fa? Ya ce, 'A bakin wa?'"

Madam Ndidi ba ta ji ba sai bayan shekara shida, kuma a bakin Hillary. Har yau in ta tuna sai ta riƙe ƙugu.

"Shagona! Rigar kwastomana! A barandata, safiya huɗu! Ina wucewa ina cewa Baba sannu da aiki, yana cewa yauwa Maman Olaedo, ashe wutar da aka sa mini a shago yake kashewa a ƙarƙashin ƙyalle."

Ita ce shaida ta biyu. Akwai wani zane na mahaifiyarta da ta zo da shi daga Kudu, shi kaɗai ya rage mata bayan tsohuwar ta rasu. Ɓera ya ci gefensa a akwati ana saura wata guda auren Olaedo, 'yarta. Ta kawo masa tana kuka. Ranar auren da zanen ta shiga coci. Yayyenta da suka zo daga gida suka shafa shi suka ce ita ce ta iya ajiya.

Kai ne, Malam Sa'idu, ka sa malamin firamare ya yi Sallah goma sha ɗaya da riga guda, ɗalibansa na dā suna cewa Malam ba ya tsufa. Kai ne ka mayar da leshin aro gidan mai shi lafiya, zumunci bai ɓaci ba. Rabin mutuncin da ke yawo a sahun gaba ranar Juma'a ya taɓa kwana a cinyarka. Mai allura ba amo, mai gani ya yi shiru.

To, ga nawa.

Wasu idan sun haura hamsin sai su shiga siyasa, wasu kiwon kaji. Ni na sayi gilashin kyamara. Irin wanda masu ɗaukar hoto ke kira makro: ka ɗaura shi a bakin kyamara, ka kai shi dab da abu kamar za ka sunsuna, sai ƙwayar gero ta cika hoto kamar kabewa. Ba wanda ya gaya mini cewa abin da zai fito tar bai wuce kaurin farce ba, sauran duk dishi-dishi. Ba wanda ya gaya mini numfashina ma girgizar ƙasa ne a wurinsa, sai na riƙe shi kamar mai nutso. Sati biyu ina rarrafe a tsakar gida ina bin tururuwa. Ƙuda ya fi ni wayo. Na samu ƙafar kiyashi guda ɗaya, sauran jikinsa ya tafi harkarsa. Da na gaji da masu gudu na koma kan wadda na ɗauka ba za ta gudu ba. Na ɗauki hannun maiɗakina Bilkisu tana tsintar shinkafa, na nuna mata cike da alfahari.

"Baban Fatiha," ta ce, "shekara ashirin da huɗu kana cin tuwon hannun nan ba ka ga kaushi ba, sai da ka sayo gilashi? Goge shi. In ba haka ba yau hoton za ka ci."

Na goge. Mai hankali da ya ɗauki darasi a nan. Ni na ɗauka matsalar haske ce.

Wata Talata na je Madaki karɓar rigata. E, ni ma ina cikin masu baƙar leda, ga shaida ta uku ke nan, ba da son raina ba. Shaddata ta Juma'a ce salansa ta taɓa. Na juya ta, na ɗaga a rana, na yi tambayar da kowa ke yi. Ya sa farce ya nuna mini wurin. Nan take na tuna da abin da ke jakata. Ga abu ƙarami, ga haske, kuma ba ya tashi sama.

Na shimfiɗa rigar a benci, na durƙusa, na riƙe numfashi. A allon kyamara kowane sili ya koma igiyar guga, yadin ya koma tabarma. A tsakiyar tabarmar kuma ga nasa aikin: zare yana nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa yana ɓullowa, ba ƙulli, ba gaggawa, bakin kowane sili an kwantar da shi a bayan wani. Na miƙa masa. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin da ba a gani, ashe shi ma bai taɓa ganinsa haka ba. Yatsunsa ne suka sani.

"Wannan ni na yi?"

"Kai ka yi, Malam."

"Ikon Allah." Ya ƙara matso da allon. "Ka ga nan? Na tsallake sili ɗaya. Bar mini rigar."

"Haba Malam, wa zai gani?"

"Ni na gani."

Ni kuwa kaina ya riga ya kumbura. Bayan sati biyu na ƙafar kiyashi, yau na ɗauki hoto. Sai aikin da aka gama ya daina isata. Ina son rami da allura a jikinsa, rabi saƙaƙƙe, rabi a buɗe. Idona ya sauka kan farin ƙyallen da ke gefensa, da tudun wani abu a ƙarƙashi.

"Malam, wannan fa? Sili biyu kawai zan ɗauka."

"Wannan ba nawa ba ne, Malam Rufa'i."

"Gilashin nan ko faɗin farcen babban yatsa ba ya ɗauka. Ba wanda zai gane."

"Ba nawa ba ne," ya maimaita.

Ya tashi ya zagaya bayan shago. Ba ya komawa kan kayan mutane da hannun da ya taɓa wani abu, ga shi ya taɓa kyamarata, don haka sai famfo da sabulu. Minti biyu yake yi. Minti biyu sun ishi mutumin kirki ya zauna ya jira. Ni ma sun ishe ni.

Na ɗage ƙyallen. Babbar riga ce shuɗiya mai duhu, tsohon yayi, da aikin hannu na gaske. Ramin yana ƙirji, dab da aikin wuya, an saƙe rabinsa, allura a tsaye. Na danna sau uku, na mayar da ƙyallen. Allah ya sani shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka. Da ma hannuna ya yi rawa.

Bayan la'asar na ɗora shi a Fesbuk, na rubuta a sama: gwanin Madaki da ba a sani ba. Na gaya wa kaina taimakonsa nake yi. Hoton bai nuna komai ba sai rami, da allura, da ɗan bakin aska guda daga cikin zanen wuyan rigar. Abin da ɗan ofis irina bai sani ba shi ne, mai aikin allura ya san hannunsa kamar yadda ka san muryar ƙaninka a cikin kasuwa. Da ido kawai, daga nesa, duk aska aska ce. Amma gilashina ya kawo kowane juyin zare gaban hancin mutane. Wani mai ɗinkin hannu a babbar kasuwa, Abdullahi, ya rubuta a ƙasa:

"Masha Allah! Wannan ai hannuna ne. Ni kaɗai nake juya zare haka a bakin aska. Rigar Alhaji wane ce na GRA, shekara goma sha biyu ke nan da na yi masa. Ashe tana nan?"

Shi ya rubuta sunan cikakke, ni ba zan maimaita ba. Ban ga laifin Abdullahi sosai ba. Shi ma so yake a gan shi, ciwonmu ɗaya.

Dattijon tsohon babban ma'aikaci ne. Ya yi zamani da mota da direba, ya sauka bai ɗauki abin kowa ba, shi ya sa gidansa ya daɗe da rabuwa da fenti, shi ya sa kuma rigar ta kai shekara goma sha biyu. Saura kwana tara a ɗaura auren autarsa, da rigar nan zai zauna a gaban jama'a. Garin da ba ya iya yabon mai gyara ya tashi da ƙarfinsa kan mai riga. "Ashe GRA ma ana faci?" "Allah sarki, duniya." Wani ya sa fuskar dariya har bakwai. Wasu daga cikin masu rubutun nan ni na san ledarsu. Na goge hoton washegari da safe, amma ya riga ya shiga wayoyi, daga wannan zaure zuwa wancan.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, Hillary da Madam Ndidi suka gani. Dattijon bai aiko ba. Da kansa ya zo, a Keke, da hantsi, ya tsaya a bakin baranda.

"Malam Sa'idu."

"Ranka ya daɗe."

"Shekara tara ina aiko maka kaya. Ban taɓa jin maganata a bakin kowa ba. Sai yanzu da ya rage mini ita kaɗai?"

Ga sunana a bakin kowa, ga shi a saman hoton ɓaro-ɓaro. Kalma biyar sun ishi Malam Sa'idu ya wanke kansa: ban ba shi izini ba. Bai faɗa ba.

"Laifina ne, ranka ya daɗe. Ni na tashi na bar ta."

"Ba ni rigata."

"Saura safiya uku a gama."

"Ba ni."

Malam Sa'idu ya zare allurar, ya ninke rigar, ya sa a leda ya ɗaure. Dattijon ya kwance ledar, ya zaro rigar, ya ajiye ledar a benci.

"Ledar me kuma? Ai an gani."

Ya rataya ta a hannu, ramin a waje, ya tari Keke.

Madam Ndidi ta kira ni a waya. "Oga mai hoto, kana ina? Zo ka ɗauki wannan ma. Zo ka ɗauki fuskar Baba, tunda gilashinka yana ganin komai. Chineke! Mutum ya ce maka ba nasa ba ne, ba ka jin Hausa? Ni Inyamura na ji, kai ba ka ji ba?" Na ce mata ina mitin. Babu wani mitin.

Washegari bencin ya wayi gari babu kowa. Safiya huɗu a jere, abin da ba a taɓa gani ba sai ranar Sallah. Labarin inda ya je daga bakin dattijon na ji, ranar da na samu ƙarfin halin zuwa ba shi haƙuri. Na roƙi izinin rubutawa. Ya dube ni ya ce, "Rubuta mana. Me ya rage a ɓoye?"

Ranar farko Malam Sa'idu ya zauna a bakin get ɗin dattijon da gwangwaninsa daga ƙarfe takwas har azahar. Aka ce masa maigida ba ya ganin kowa. Ya ce ba maigida ya zo gani ba, riga ce. Rana ta biyu uwar amarya ta leƙo, ta koma, ta fito da rigar ta ƙofar baya. Ya nemi inda ya fuskanci gabas, ya samu wani bulo kusa da kicin ya zauna. Ya warware duk abin da ya saƙa a Madaki, don an ninke rigar da zare a sake, ya faro daga farko. Dattijon ya ce yana kallonsa ta taga. Ba kowa a bayan gidan sai kaji, amma duk lokacin da ya tashi wanke hannu sai ya rufe rigar da farin ƙyalle, ya ɗora dutse a kai.

Na je ɗaurin auren. Ba a gayyace ni ba, amma ɗaurin aure ba a korar kowa, kuma jama'ar da ta taru ta fi ƙarfin gayyata. Ba duka ne suka zo don addu'a ba. Dattijon ya fito cikin shuɗiyar rigarsa, ya zauna a gaba, ƙirji a buɗe. Ban taɓa ganin gaisuwa mai tsawo irin ta ranar ba. Mutum ya riƙe hannunsa yana "Allah ya sa alheri, Allah ya ba da zaman lafiya," idonsa yana kiwo a ƙirji. Wani ya rungume shi har sau biyu, ko sunansa dattijon bai sani ba. Na ga biyu a gefe sun buɗe hotona a waya suna gwadawa: ga bakin askar, to ramin nan ya kamata ya kasance. Babu. Duk garin ya san inda ramin yake, da taswira a hannu, aka neme shi aka rasa. Ni da na durƙusa a kansa na riƙe numfashi, na zo gaisuwa na duba, ban gan shi ba. Wani a bayana ya ce, "Ƙarya ce, sabuwa ya ɗinka."

Malam Sa'idu bai zo ba. Yana Madaki yana gyara silin da ya tsallake a rigata.

Da labari ne irin na yara, a nan za a ce kasuwa ta buɗe masa. Ba ta buɗe ba. Baƙar leda ta daina zuwa. Na GRA suka fara janyewa, na cikin gari suka bi. Ba ɗinki kaɗai suke nema a wurinsa ba, shiru suke nema, shirun kuwa an huda shi. Kowa ya ga aikin ya yaba a zuci, kowa kuma ya lissafa cewa gobe tasa rigar ce za ta fito a waya. Masu zuwa yanzu samari ne da 'yan mata, da waya a hannu ba riga. "Baba, ɗan riƙe allurar haka, za mu yi bidiyo." Ya ce musu ba ya riƙe allura sai da aiki. Wata huɗu ke nan. Har yanzu yana hawa Keke daga Tumfure, yana isa ƙarfe takwas, yana bin rana da benci. Yana shimfiɗa farin ƙyallen a cinyarsa don sabo. Hillary ya ce in iska ta ɗaga shi, babu komai a ƙarƙashi.

Madam Ndidi ta ce masa barandar tasa ce har ya mutu. Ya ce, "Maman Olaedo, mutum ba ya zama a bakin shagon mutane yana gadin ƙyalle." Ya sa ƙarshen wata.

Sai makon jiya na iya zuwa gabansa. Na shirya jawabi a hanya, mai sakin layi uku. Na zauna a ƙarshen benci na ce, "Malam, ranar nan da ka je wanke hannu, ni na ɗage."

"Na sani."

"Da ka ga hoton?"

"Tun da na dawo daga famfo. Ni ina lanƙwasa kusurwa ɗaya ciki. Kai ka shimfiɗa shi sumul, kamar teburin ofis."

"Ba ka ce komai ba."

"Na ɗauka kunya za ta hana ka."

Jawabina ya watse. Na ce zan yi rubutu, zan wanke shi a gaban jama'a, mutane za su dawo. Ya ɗan yi murmushi.

"Rami in ya samu yadi, Malam Rufa'i, a jikin yadin nake samo zaren gyara. Wannan da ka yi mini, ban ga kalmasar da zan warware ba. Amma rubuta, in zai sauƙaƙa maka. Kada dai ka sa hoto."

Na tambaye shi abin da ya hana ni barci wata huɗu. Me ya sa bai gaya wa dattijon cewa ya hana ni ba, cewa satar hoton na yi? Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake alwala.

"Kai ma ai mai kawo mini kaya ne."

Ya ajiye gwangwani, ya ciro leda baƙa daga ƙarƙashin benci, ya miƙo mini. Rigata ce, a ɗaure.

To jama'a, abin da shi ya ƙi faɗa ni na faɗa. Malam Sa'idu bai nuna wa kowa rigar kowa ba. An roƙe shi ya ce a'a har sau biyu. Wani mai tumbi da sabon gilashi ne ya jira ya juya baya. In akwai wanda za a daina amince wa, yana nan ofis, ana biyansa albashi, ba abin da ya same shi.

Malam Sa'idu, mun gode. Na gode a madadin malamin firamare, da mai leshin aro, da 'yan sahun gaba da ba za su taɓa buɗe baki ba. Kai ne ka rufa wa garin nan asiri sili-sili shekara talatin da ɗaya, har ka rufa wa wanda ya tona naka. Allah ya rufa maka duniya da lahira, ya ƙara wa idanun nan haske, ya sa yatsun nan su shaide ka da alheri.

Ku kuma masu waya da kyamara, 'yan'uwana, ku koyi abu guda daga mutumin nan, ba sai kun iya allura ba: in kun ga abu a rufe, mai shi ne ya rufe. Gilashin yana cikin akwati yanzu, Bilkisu ta ɗora masa barguna.

Sauran ku, masu aikinsa a jikinku yanzu haka kuna karanta wannan, ban ce ku yi sharhi ba, ban ce ku ambaci suna ba. Na san ba za ku yi ba. Ku dai buɗe durowa, akwai wata mai ɗan rami da kuka ajiye tun wata huɗu. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. Gobe ƙarfe takwas yana kan benci a Madaki, ƙyallen a cinyarsa. A samu wanda zai sa masa wani abu a ƙarƙashi.